LIKITAN SHUKA: SANA'AR ILMI DA BA MU BA TA HAƘƘINTA BA



Idan aka tambayi 'yan ajin kimiyya abin da kowa yake so ya zama bayan ya gama karatu, amsar ba ta wuce uku: likita, ko injiniya, ko matuƙin jirgin sama. In kuwa wani ya yi ƙarfin hali ya ce shi ilmin aikin gona zai karanta, sai a fashe masa da dariya, a ce ai wannan ba sai an je jami'a ba, fartanya ma ta isa. Iyaye da yawa su ma haka suke gani, domin a wurinsu an kai yaro makaranta ne don ya huta da gona. Nufina a wannan maƙala shi ne in bayyana wani fanni na ilmi mai zurfi wanda abincinmu ya dogara a kansa, watau binciken cututtukan shuke-shuke da na dangin funfuna, da koyar da shi a jami'a. Mai wannan aiki shi ne na kira likitan shuka.

SHIN SHUKA MA TANA CIWO?

Ƙwarai kuwa, kuma duk ɗan manomi ya taɓa gani ko da bai san sunan abin ba. Zangarniyar dawa da ka murza sai baƙar ƙura ta fito maimakon tsaba, wannan burtuntuna ce. Geron da kansa ya rikiɗe ya zama tarin ƙananan ganyaye ba ƙwaya, shi ma cuta ce ta kama shi tun yana ƙarami. Haka tumatirin da ya yi yaushi alhali kuwa ƙasa a jiƙe take. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa ƙwari da cututtuka sukan lalata har kashi 40 cikin ɗari na amfanin gonar duniya a kowace shekara. Saboda girman wannan al'amari ne majalisar ta keɓe shekarar 2020 don lafiyar shuke-shuke, kuma ta sa ranar 12 ga Mayu ta zama ranar tunawa da shi kowace shekara.

Abubuwan da ke jawo wa shuka ciwo iri-iri ne. Akwai bakteriya, akwai bairos wanda ya fi ta ƙanƙanta nesa ba kusa ba, akwai wasu tsutsotsin cikin ƙasa da ido ba ya gani, akwai kuma shuke-shuke masu tsotson 'yan'uwansu kamar ƙuduji. Amma waɗanda suka fi kowa yawan ɓarna su ne dangin funfuna.

SU WANE NE DANGIN FUNFUNA?

Funfunar da ke fitowa a kan kwantan tuwo ko burodin da ya daɗe, da laimar kwaɗi da ke tsirowa a jikin ruɓaɓɓen itace da damina, da yis ɗin da ke sa ƙullin burodi ya tashi, da abin da ke jawo makero a kan yara, duk dangi ɗaya ne. Masana sun ware musu rukuninsu dabam, ba a sa su cikin dabbobi ba, ba a kuma sa su cikin tsirrai ba. Dalili kuwa shi ne, tsiro yana haɗa abincinsa da kansa ta hanyar hasken rana, su kuwa ba su iyawa. Jikinsu wasu siraran zaruruwa ne da ke kutsawa cikin abin da suka hau, su narkar da shi, sa'an nan su tsotse. Irinsu kuma wata ƙura ce marar nauyi, iska da ruwa da ƙwari suna ɗaukarta zuwa nesa. Baƙar ƙurar burtuntuna ita ce irin nata.

Kada mai karatu ya zaci dukkansu mugaye ne. Su ne ke ruɓar da kara da ganye su koma taki. Wasu suna zaune a jikin saiwar shuka suna taya ta jawo ruwa da abinci daga ƙasa. Daga wata funfuna ce kuma Alexander Fleming ya gano maganin fanisilin a birnin Landan a 1928. An ba kimanin iri 150,000 suna, amma masana suna ƙiyasin cewa yawansu ya haura miliyan biyu. Wannan ya nuna cewa fage ne da har yanzu ba a nome ko gefensa ba.

ABIN DA TARIHI YA KOYA MANA

A 1845 wata cuta ta faɗa wa dankalin Turawa a ƙasar Ailan, inda talakawa suka dogara da shi kamar yadda muka dogara da gero da dawa. Ganye ya yi baƙi, dankali ya ruɓe a cikin ƙasa, kuma abin ya yi ta maimaituwa shekara bayan shekara. Ga shi kuma masu mulkin lokacin ba su kai ɗauki yadda ya kamata ba. Kimanin mutum miliyan ɗaya suka mutu, wasu fiye da miliyan suka yi ƙaura. A wancan zamani yawancin mutane sun ɗauka cewa danshi ne ya ruɓar da dankalin, funfunar kuwa daga baya ta zo cin mushe. Wani malamin jami'a Bajamushe mai suna Anton de Bary shi ne ya tabbatar a 1861 cewa wannan halitta mai kama da funfuna ita ce ainihin sanadin cutar. Daga irin wannan aiki nasa fannin ya kafu, shi ya sa ake kiransa uban ilmin cututtukan shuka. Ita wannan cuta ba ta ƙare ba, don har yau tana damun manoman dankali a Jihar Filato idan ruwa da sanyi suka yi yawa.

Mu dawo gida. Kakanninmu suna ba mu labarin dalar gyaɗa a Kano, kuma mukan ji ana cewa man fetur ne ya kashe ta. Man fetur yana da nasa laifin, haka ma farin da aka yi a farkon shekarun 1970, amma akwai na uku da ba a cika faɗa ba. A 1975 wata cutar bairos, wadda ke sa gyaɗa ta tsumbure ta dunƙule ganyenta ya ɗashe, ta mamaye Arewa ta lalata kimanin hekta 700,000. Wasu ƙananan ƙwari masu tsotson ruwan ganye su ne ke ɗaukarta daga wannan shuka zuwa waccan. Manoma da yawa daga nan suka bar gyaɗa suka koma wasu amfanin. Sai da masu bincike na Samaru da abokan aikinsu suka shafe shekaru kafin su fitar da irin da ke jure wa cutar, kamar waɗanda ake kira SAMNUT 21, 22, 23 da 24.

Kwanan baya ma, a daminar 2023, wata cutar dangin funfuna ta cinye gonakin citta a kudancin Jihar Kaduna, wajen Kachiya da Jaba da Kagarko, mutane da dama suka rasa jarinsu. Ashe ke nan wannan magana ba tatsuniyar da ba ce.

GUBAR DA BA A GANI

Akwai wata ɓarna da ta fi waɗannan ban tsoro, domin ita ba a gona take tsayawa ba, har cikin akushi take biyo mu. A 1960 talotalo fiye da 100,000 suka mutu a Ingila ba tare da an san dalili ba. Da aka bi sawu, sai aka tarar abincinsu, wanda aka haɗa da tunkuzar gyaɗa daga Birazil, yana ɗauke da wata guba da wata funfuna mai suna Asfajilus take fitarwa. Aka sa wa gubar suna aflatoksin.

Wannan funfuna tana zaune a cikin ƙasarmu ta noma. Takan shiga gyaɗa da masara tun a gona, musamman idan fari ya wahalar da shuka ko ƙwari sun huda ta, sa'an nan ta ƙara yaɗuwa idan aka adana amfanin bai bushe sosai ba. Ita gubar ba a ganinta da ido, kuma dafuwa ko suya irin ta gida ba ta kashe ta. Idan aka ci da yawa a lokaci ɗaya takan kashe mutum, kamar yadda ya faru a Kenya a 2004, inda mutum 125 suka rasu saboda gurɓatacciyar masara. Idan kuwa kaɗan-kaɗan ake ci shekara da shekaru, takan jawo sankarar hanta, balle ga mai ɗauke da cutar hanta samfurin B. Saniyar da ta ci dusa mai gubar ma, takan fito a nononta. Saboda ita ne ƙasashen waje sukan ƙi karɓar gyaɗar da ba ta ci jarrabawarsu ba.

To, dubi yadda masana suka ɓullo wa abin. Sun lura cewa a cikin wannan funfuna akwai wasu jinsuna da ba su yin guba ko kaɗan. Masu bincike na Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Ƙasashe Masu Zafi da ke Ibadan, tare da takwarorinsu na Amurka, suka tattaro samfuri daga gonakin Nijeriya, suka gwada su ɗaya bayan ɗaya, har suka zaɓi jinsi huɗu marasa guba. Suka shafa irinsu a jikin ƙwayar dawa da aka gasa don kada ta tsira, suka rina ta shuɗi don kada a ci. Manomi zai watsa kilo 10 a hekta ɗaya, mako biyu ko uku kafin shuka ta yi fure. Marasa gubar sai su riga masu gubar kama wuri, su hana su sakat. Wannan shi ne Aflasafe, wanda aka yi wa rajista a Nijeriya a 2014, kuma gwaje-gwaje sun nuna yana rage gubar da kashi 80 cikin ɗari ko fiye. Ka ga an kori funfuna da funfuna. Wanda bai san halin waɗannan halittu ciki da bai ba, ina zai yi wannan tunani?

YADDA LIKITAN SHUKA YAKE AIKI

Likitan mutum yana iya tambayar majinyaci inda ke masa ciwo, amma dawa ba ta magana. Don haka aikin yakan fara ne da shiga gona da lura. Masani zai duba ko tabon a tsofaffin ganye yake ko a sababbi, ko cutar ta bi layi ne ko ta taru a kwari inda ruwa ke kwanciya. Zai tambayi manomi inda ya samo iri da abin da ya shuka a wurin bara. Sau da yawa amsar manomi ita ce rabin binciken.

Daga nan sai ɗakin gwaje-gwaje. Zai yanki ɗan guntun ganye daga iyakar da ke tsakanin wuri mai ciwo da mai lafiya, ya wanke shi da magani, ya ɗora a ɗan farantin gilashi mai murfi wanda aka zuba wa daskararren abinci na ruwan dafaffen dankali da sukari. Bayan 'yan kwanaki funfuna za ta tsiro, sai ya duba siffar zaruruwanta da irinta a madubin da ke girmama ƙananan abubuwa. A zamanin yau har ƙwayoyin gadonta akan karanta don a tabbatar da ko wace ce.

Amma ganin mutum a bakin rumbu bai isa a ce shi ne ɓarawo ba. Saboda haka akan bi wasu sharuɗɗa huɗu da ake jingina wa likitan nan Bajamushe, Robert Koch:

1. A sami halittar a jikin duk shukar da ke da wannan ciwo.
2. A ware ta a rene ta ita kaɗai.
3. A sa ta a jikin lafiyayyar shuka, ciwon nan dai ya bayyana.
4. A sake ware ta daga wannan shuka, a tarar ita ce dai ta farko.

Wani darasi da ake fara koya wa ɗalibin wannan fanni shi ne cewa cuta kamar tukunya ce a kan duwatsun murhu uku. Dutse na farko shukar da cutar ke iya kamawa, na biyu ita kanta halittar da ke kawo cutar, na uku kuwa yanayin da ya dace da ita, kamar danshi da ɗumi. Ka janye dutse ɗaya, tukunya ta kife. Idan aka ba manomi irin da ke jure wa cuta, an janye na farko. Idan aka cuɗa irin dawa da magani kafin shuka don kashe burtuntunar da ke manne da shi, ko aka tuge shukar da ta kamu aka ƙone, an janye na biyu. Idan aka busar da gyaɗa sosai a kan tamfol kafin a zuba a buhu, an janye na uku. Rigakafi dai ya fi magani.

BINCIKE DA KOYARWA

Malamin jami'a a wannan fanni yana da aiki uku: ya koyar da ɗalibai, ya yi bincike ya buga sakamakonsa a mujallun masana bayan wasu masanan sun tantance, sa'an nan ya isar da abin da ya gano ga malaman gona da manoma.

Kada a rena koyarwar. Norman Borlaug ɗan manomi ne a Amurka, kuma ilmin gandun daji ya fara karantawa a Jami'ar Minnesota. Jawabin wani shehun malami mai suna Stakman a kan cutar tsatsar alkama shi ya juya masa ra'ayi. Ya sami digirinsa na uku a fannin cututtukan shuka a 1942, ya tafi Meziko a 1944, ya yi shekaru yana auratayya tsakanin irin alkama har ya sami gajeru masu yawan tsaba, masu jure wa tsatsa. Irin nan ya taimaki Indiya da Fakistan suka tsira daga yunwa, aka ba shi lambar Nobel ta zaman lafiya a 1970. Duk wannan daga darasin malami ɗaya. Amma aikin bai ƙare ba, domin a 1998 an ga wani sabon jinsin tsatsa a Yuganda wanda ya iya kama yawancin irin da a da suke jurewa. Cuta tana sauya salo, don haka kowane zamani yana bukatar nasa masanan.

'Yan'uwanmu mata su ma su sani fagen nasu ne. Mace ta farko da ta zama farfesa a ƙasar Holan, Johanna Westerdijk, a 1917, wannan fanni ta koyar, kuma ta shugabanci wani babban rumbun adana funfunoni wanda yau yake ɗauke da sunanta.

HANYAR DA AKE BI

Tun daga nan sakandare ake aza harsashi. Dole ɗalibi ya sami kiredit a Turanci, lissafi, ilmin sinadarai, ilmin halittu ko na aikin gona, kuma ya riƙe fizik da kyau. Bayan jarrabawar shiga jami'a, yana iya karanta aikin gona na shekara biyar, har da shekarar aiki a gona, ya kuma karkata ga sashen kare amfanin gona. Ko kuwa ya yi shekara huɗu a ilmin tsirrai ko na ƙananan halittu. Bayan hidimar ƙasa, wanda ya fita da sakamako mai kyau jami'a takan ɗauke shi a matsayin mataimakin malami. Sai digiri na biyu, kimanin shekara biyu, sai na uku, shekara uku ko fiye. Daga nan yana hawa mataki-mataki gwargwadon koyarwarsa da binciken da ya buga, daga lakcara zuwa babban lakcara, har ya kai farfesa.

Wuraren aiki kuwa suna kusa da mu. Akwai Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, wadda aka kafa a 1922, ta koma ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, mai kula da dawa, masara, wake, gyaɗa da auduga. Akwai Cibiyar Binciken Tafkin Chadi a Maiduguri mai kula da gero da alkama, da ta Badeggi mai kula da shinkafa. Jami'ar Bayero tana da cibiyar noman ƙasashe masu ƙarancin ruwa. A Jamhuriyar Nijar akwai cibiyar bincike ta ƙasa, INRAN, da tashar ICRISAT a Sadore kusa da Yamai. Ban da waɗannan akwai kwalejojin aikin gona, da kamfanonin iri, da hukumar da ke tsare kan iyaka don kada a shigo da cuta a jikin iri ko 'ya'yan itace.

WAHALAR DA KE CIKI

Ba zan ɓoye wa kowa ba, hanyar tana da tsawo. Daga shiga jami'a zuwa digiri na uku mutum zai iya cin shekara goma sha biyu ko fiye, yana kallon tsararrakinsa da suka shiga kasuwa sun yi gida da mota. Albashin malami bai kai wahalarsa ba. Ɗaukewar wuta ta kwana biyu tana iya lalata samfurin da aka yi wata shida ana reno. Gwajin gona kuwa damina yake jira, in ta ɓaci sai baɗi. Wannan aiki ne na mai haƙurin da zai dafa dutse. Amma idan iri ɗaya mai jure wa cuta ya fita daga hannunsa, dubban gidajen da bai taɓa takawa ba za su ci su ƙoshi.

KIRA

Ya ku iyayenmu, idan ɗanku ko 'yarku ta ce wannan fanni take so, kada ku ɗauka ta gaza ne. Likitan asibiti yana jiran mutum ya kwanta ciwo, wannan kuwa yana tare yunwa da guba tun daga gona. Da ruwan ciki ake jan na rijiya, kuma shi kansa likitan asibitin sai ya ci tuwo yake iya duba marar lafiya.

Ku kuma 'yan'uwana ɗalibai, musamman mu da muka tashi a karkara, muna da jarin da ba a saye da kuɗi. Mun san gona, mun san harshen manomi, ba sai an yi mana tafinta ba. Ba sai mun jira jami'a za mu fara ba. Idan muka je hutu, mu shiga gonar gida da littafi da fensir, mu zana ganyen da ya yi tabo, mu rubuta sunan da dattawa suke kiran ciwon da shi da lokacin da yake zuwa, mu kawo wa malamin ilmin halittu mu tattauna. Mu kuma tuna wa iyayenmu mata su riƙa tsince gyaɗar da ta yi funfuna ko ta motse kafin a yi ƙuliƙuli da kunu, kada kuma a zuba wa kaji ko awaki ita.

Allah ya ba mu ilmi mai amfani, ya ba mu damina mai albarka, ya kare amfanin gonarmu daga annoba, amin.